Lotsattsen Mudun Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Haruna mai awo, na layin 'yan hatsi a Kasuwar Muda Lawal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa mahaifinta a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa sallamata ta iske ka cikin rahama da yalwar makwanci. Ni ce Uwani, wadda ka sa wa sunan mahaifiyarka, ka ƙi kiran sunan nan har ka koma ga Allah. Yau watanka huɗu da mako guda da barinmu. Inna tana nan lafiya, ta kusa fita takaba. Yaya Aminu ya bar tuƙin mota, shi ke zama a rumfarka yanzu.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Na rubuta ta ne a fili, inda 'yan layinku da 'ya'yansu za su gani a wayoyinsu, saboda a fili aka ɓata maka suna, ni kuma na taya da shiruna. Na yi maka laifi, Baba, babba, kuma sai jiya na san girmansa.

Ka tuna hutun makaranta? Kana dawowa daga sallar asuba za ka buga ƙararrawar kekenka a ƙofar gida, ka ce, "Uwata, in za ki, ki taho, kasuwa ba ta jira." In haye baya in riƙe rigarka. Mu bi ta shataletalen Wunti masu shaguna ba su buɗe ba tukuna, sai masu shayi ke hura wuta. Mu tsaya wurin tsohuwar nan mai masa, ka sa a zuba mini uku da miyar taushe, kai kuma ka ce ka ƙoshi. Sai da na girma na gane ba ƙoshi ba ne.

Kai ne farkon buɗe rumfa a layinku, kullum. Kafin maƙwabtanka su iso, matan ƙauye sun riga sun sauko daga motocin hanyar Dass da ƙulle-ƙullensu a ka, wannan da 'yar dawa, waccan da acca, wata da wake a tsohon zane. Su zagayo bayan rumfarka su zauna a kan buhuna, ka sunkuya ka auna, ka sallame su. Ni ina gefe ina lashe miya a yatsa, ban kula da komai ba.

In hantsi ya ɗaga kuma kasuwa ta cika, sai in rasa inda zan sa idona. Masu kura na ihun a ba su hanya, ƙurar gero na shiga hanci, mata Fulani da ƙoransu na nono suna ratsa layi, can layin 'yan atamfa kuma ana ta ciniki kamar za a yi dambe. Motoci na zuwa daga GRA, direba ya sauko ya ce Hajiya ta ce awon Malam Haruna kaɗai take so. Kana cika mudu har ya yi tozo, ba ka taɓa sa hannu ka share kansa ba, sannan ka ɗebo gyara ka ƙara. In rigima ta tashi a layin kan awo, mudunka ake aikowa a ara a raba gardama. Kakan ce mini, "Uwata, ki ji tsoron kwanon nan, ranar gobe shi ma za a tambaye shi."

To, bayan addu'ar arba'in ɗinka muka je da Yaya Aminu mu share rumfa. Yana jan bencin da kake zama, sai wani ƙullin buhu ya faɗo daga ƙarƙashi, mudu ya gangaro daga ciki har tsakiyar layi. Ya kife, ƙasansa na kallon sama. A lotse yake, an buga shi ya shige ciki kusan kaurin yatsa biyu.

Duk ɗan da ya tashi a layin hatsi ya san ma'anar wannan. Macuci yana da mudu biyu, cikakke na saye a hannun manomi, lotsattse na sayar wa mai saye. Tun ina yarinya na san haka, kai ka koya mini.

Alhaji Ɗanlami maƙwabcinka, wanda kuka yi shekara da shekaru rumfa na jingine da rumfa, shi ya riga mu kai hannu. Ya ɗaga shi sama ya juya, ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Tirƙashi! Ashe Malam ma yana da na biyu." Bai ɗaga murya ba, amma mutum biyar sun ji, kuma ka san layinku. Yaya ya fizge mudun ya cusa a cikin jakata. Ya ce, "Ki rufe bakinki. In Inna ta ji wannan tana cikin takaba, wallahi ni da ke ne."

Baba, na rufe bakina, amma zuciyata ta ƙi rufuwa. Na yarda. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, na yarda ka yi. Na shiga lissafa fuskokin da na sani, matar mai gadi da ke sayen rabin mudu, masu ƙosai, masu koko, ina tambayar kaina wa ka auna wa da cikakke, wa ka auna wa da wancan. In mutane suka zo gaishe da Inna suka ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki, sai amin ta maƙale mini a wuya. Ran da malamarmu ta Islamiyya ta kai kan surar masu tauye mudu, tashi na yi na fita, na ce kaina ke ciwo. Na ji haushinka, Baba. Kana kwance a kabari ina jin haushinka, ina kuma jin tsoron abin da kake gani a can.

Magana kuwa ta zaga. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ta ce mini, cikin tausayi wai, "Ai kowa da nasa, sai dai Allah ya rufa asiri." Direbobin GRA suka ragu. Yaya ya ce wani ya zo sayen gero da nasa mudun a leda, ya ce da shi za a auna masa. A rumfarka, Baba! Rigima ta tashi a layi kan awon wake, ba wanda ya aiko aron mudu.

Sati uku mudun na cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa. Na yi tunanin jefa shi rijiya, na kasa. Daga ƙarshe na naɗe shi a hijabi, na hau keke napep zuwa maƙera, can nesa da inda za a san ni. Maƙerin ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wannan ba faɗuwa ya yi ba, da hannu aka buga shi." Na ce, "Gyara aka ce ka yi, ba tambaya ba." Ya ɗora shi a kan uwar maƙera, bugu uku da guduma, ya miƙe sumul. Na mayar wa Yaya na ce ya haɗa da ɗayan, duk mai son gwadawa ya gwada. A raina na ce na rufa maka asiri, har na ji ni 'yar halak ce.

Jiya Asabar na yi sammako zuwa kasuwa, don in ɗebo geron da za a yi kunun sadakar fitar Inna. Na iske Yaya yana buɗe rumfa. Muna cikin kwance bakin buhu sai ga wata tsohuwa ta zagayo ta baya, da ƙullin sabuwar dawa a ka. Na gane ta tun kafin ta sauke. Mama Talatu ce, ɗaya daga cikin matan hanyar Dass, wadda takan ba ni gyaɗa ina ƙarama. Tun damina ba ta shigo gari ba, sai yanzu da kaka ta yi.

Ta leƙa bencinka ta ce, "Ina Malam? Bai fito ba?" Da muka faɗa mata, sai ta zauna a ƙasa, ba a kan buhu ba, ta ɗora hannu a ka. Ta daɗe tana kuka. Sannan ta share fuska da bakin zanenta ta ce wa Yaya, "To ɗana, auna. Jikana yana kwance, magani zan saya in koma."

Yaya ya ɗauki mudu ya auna, ta bi shi da ido tana ƙirgawa. Bakwai. Ta ce, "A'a. Ba wannan ba. Ɗauko namu." Yaya ya ce, "Mama, duk ɗaya ne," ya miƙa mata ɗayan. Ta karɓa ta kife shi, ta bi ƙasansa da babban yatsa, ta taɓa sawun guduma. Ta ɗago ta ce, "Wa ya taɓa kwanon Malam?"

Alhaji Ɗanlami ya iso lokacin, yana tsaye da makulli a hannu yana jinmu.

Ta ce, "Da wannan yake saye a wurinmu. Mu kaɗai, da safe. Dawan da ko'ina bakwai ne, a wurin Malam takwas yake fita. Na ce masa Malam, kana cutar kanka fa. Ya ce farashi na layi ne, in ya ƙara mana maƙwabta za su yi faɗa da shi, amma kwano nasa ne, ba ruwan kowa. Ya ce kar mu faɗa wa kowa. Shekara nawa ban faɗa ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, da lotsattsen kake saye, da cikakken kake sayarwa. Ka juya abin macuta ka mayar da shi kanka. Kuma na gani! Da idona na gani, safiya nawa kana sunkuyawa ƙarƙashin benci in matan nan sun zo, ka mayar kafin layi ya cika. Duk yana cikin kaina tun ina lasar miya, amma dariyar mutum ɗaya ta fi mini shekarun da na yi a bayan kekenka.

Na ce, "Mama, ni ce. Ni na kai shi aka miƙe." Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dube ni kawai ta ce, "Ke? Ke da yake ce wa uwarsa?"

Yaya ya juya baya yana share ido da hula. Ya biya ta kuɗin takwas, ta karɓa, amma sai da ta ce ita ba roƙo ta zo ba, a da ana auna mata ne ta ga abinta ya cika. Alhaji Ɗanlami ya matso ya dubi mudun. Can ya ce, "Shi ya sa matan nan ba su taɓa tsayawa a wurina ba." Na ce, "Alhaji, a tsakiyar layi ka ɗaga mudun nan, a tsakiyar layi nake so ka faɗi abin da ka ji yau." Yaya ya ce in bari, sa'an ubana ne. Ban bari ba. Ban sani ba ko zai faɗa, shi ya sa nake faɗa da kaina.

Na san ba ka so a sani ba. Ka ɓoye abin nan har ga Inna, sai jiya da na durƙusa na ba ta labari, ta ce ita dai ta san ribarka ba ta taɓa kai ta maƙwabtanka ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Ka yafe mini tona maka wannan asiri. Na kasa barin jikokinka su tashi ana nuna su ana cewa kakansu mai mudu biyu ne.

Na taho da mudun gida. Yau da safe na kife shi a tsakar gida, na ɗauko taɓaryar Inna na buga. Na auna gero bakwai da cikakken mudu, na sake aunawa da wanda na buga, bai kai takwas ba. Na ƙara bugawa, na sake aunawa. Sai a karo na huɗu ya cika. Lotsawar tawa a karkace take, ba ta yi kyan taka ba, amma takwas take bayarwa. Yaya ya ce gobe zai mayar da shi ƙarƙashin benci, kuma zai riƙa buɗewa da wuri.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Haruna. Ka auna masa da mudun rahamarka, ka yi masa tozo, ka ƙara masa gyara. Ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Ka yafe wa ɗiyarsa zaton da ta yi masa. Amin, Baba. Wata uku amin ɗin nan tana maƙale a wuyana, yau ta fita gaba ɗayanta.

Taka har kullum,
Uwarka, Uwani.