Wayar Yaya Auwalu a Buhun Shinkafa

Daren Alhamis, Haɗeja

Yau tsokanata ta ja mini. Yaya Auwalu yana ta cika baki kan manhajar ajiye rubutun da yake haɗawa a wayarsa, wai nan gaba har ajami za ta karɓa. Na ce, "Kaka, rubutun sha ma za ta riƙa bayarwa, wankewa kawai za ki yi."

Ashe tsohuwa ta ɗauka da gaske! Yana tashi alwala ta tsoma wayar a ƙwarya, ta shanye ruwan.

Duk aikinsa yana ciki. Mun binne ta a shinkafar Auyo, in ba ta farfaɗo ba na shiga uku.

Ɗazu Kaka ta leƙo: "Auwalu, gwiwar ta yi sauƙi. Gobe ma a ƙaro."