Takalmin Ƙanƙara da Idon Sawun Almu

Manassas, Amurka, 6 ga Disamba, 2009

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Abokina Misbahu zai taso Kano ranar Asabar, shi zai kawo miki wannan.

Yaya, 'yata Hidaya ta roƙe ni abu, karo na farko tun rasuwar mahaifiyarta, ƙanwarki Rumasa'u. Shekara uku ke nan maganarmu ba ta wuce "na dawo" ba, ita ma da Turanci. Makon jiya ta tsaya a ƙofar kicin ta ce tana so in raka ta dutse a watan Fabrairu, mu yi sulu a kan dusar ƙanƙara kamar yadda suke yi da 'yan makarantarsu. Na amsa tun kafin in yi tunani.

Sai ga matsalar takalmi. Wasan yana da nasa takalmin, na roba mai tauri, da ke kama ƙafa har ƙwauri. Kin san ƙafata faɗi gare ta tun asali, ga idon sawun dama ya sage tun haɗarin motar nan da ya yi ajalin Rumasa'u, da ƙusoshi biyu a ciki. Shago uku na shiga. A ɗaya ƙafar ta ƙi shiga, a wani ta shiga ta ƙi fita sai da mutum biyu suka ja. An kwatanta mini wani dattijo a garin Gaithersburg, Gregory, wai shi ke gyara wa masu irin ƙafata.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki, Almu

*

Gwammaja, Kano, 20 ga Disamba

Almu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, mun ga saƙo, Allah ya saka da alheri.

Kai da furfurarka za ka hau dutse kana sulu kamar ɗan firamare? Alhaji ya yi dariya har da ƙwarewa. Ni ban yi ba. Yarinyar da ta yi shekara uku shiru ba ta buɗe baki don wasa kawai. Ko da guduma za a fasa takalmin, a fasa ka sa. Ka je wajen dattijon.

Ka shafa mini kan Hidaya.

Yayarka, Sailuba

*

Manassas, 10 ga Janairu, 2010

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je.

Gregory mutum ne mai haƙuri. Ya zaunar da ni, ya riƙe ƙafar a tafin hannunsa, ya juya ta a hankali har inda ta tsaya. Ya zana ta a takarda. Ya ɗauko takalmi, ya gasa robar ta yi laushi, ya buɗa gefen, ya sa ɗan tudu a ƙarƙashin diddige tunda idon sawun ba ya lanƙwasuwa. Ƙafar ta shiga. Ya ɗaure maɗauran, ya ce in miƙe. Sai ya ce, "Danna gaba sosai, kamar ka taka birki."

Na danna, Yaya. Sai ga ni a kan hanyar nan, ranar haɗarin. Motar tana tafiya a kaikaice, ƙafata a kan birkin da ba ya kamawa, Rumasa'u ta dafa gwiwata tana salati. Wallahi na ji hannun, na ji ƙamshin mayafinta. Ban san yadda na kwance takalmin ba. Da safa kawai na fita, sai da Gregory ya biyo ni mota da takalman da na zo da su. Tun ranar, duk danjar da na tsaya sai in ji hannun a gwiwata.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. Na ce muku santsin ƙanƙara ne ya jawo haɗarin, kuma gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Ranar, da Hidaya ta kira daga makaranta a je a ɗauko ta, Rumasa'u ta ce mu jira motocin zuba gishirin narkar da ƙanƙara su wuce, malamai za su riƙe yarinyar ko awa ɗaya ne. Na ce na san hanyar. Biyo ni ta yi don kada in tafi ni kaɗai.

Ba zan koma shagon ba. Zan ce wa Hidaya ba a samu takalmin ba. Ki yafe mini.

Almu

*

Gwammaja, 28 ga Janairu

Almu,

Sallama. Na karanta, na yi kuka, na yi kwana biyu ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Ƙanwata ce, a bayana ta girma. Amma kwananta ne ya ƙare, ni dai na yafe.

Yanzu ka saurara. Bara da Hidaya ta zo hutu, muna tsinke zogale, ta ce mini da 'yar Hausarta, "Inna, ni na kira waya. Na yi kuka na ce a zo yanzu-yanzu. Shi ya sa Baba ba ya kallona." Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Ga shi na karya, Allah ya gafarta mini.

Shekara uku kana kawar da kai don kunya, ita tana ɗauka tsana ce. In ka ce mata ba a samu takalmi ba, ka san abin da za ta ji. Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, kada ka rage komai.

Allah ya ji ƙan Rumasa'u.

Sailuba

*

Manassas, 21 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na faɗa mata. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta yi kwana uku tana guje mini. Har yanzu ina jin hannun a danja, ban sani ba ko zai bari.

Jiya na sauko na same ta a falo da rigar sanyinta, ta ce mu tafi Gaithersburg. Gregory ya ɗauko takalmin daga bayan kantar shagon. Da na miƙe zan danna, Hidaya ta tsaya a gabana ta riƙe kafaɗuna biyu, tana kallona. Ta ce, da Hausa, "Baba, da zafi?"

Na ce da sauƙi. Ba ta yarda ba, ta sa aka sake gasa takalmin.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki, Almu