Cakulan Don Hankaka

Litinin, 30 ga Janairu

Tokunaga, editana, ya zo da rana da sakamakon ƙuri'ar masu karatu. Ya jera takalmansa a bakin ƙofa kamar mutumin kirki, ya sha shayina, sannan ya ce in kashe Garkuwa, jarumin labarin da nake zanawa a mujalla.

Ba haka ya faɗa ba mana, edita ba ya zuwa kai tsaye. "Malama, na sama suna ganin ko jarumin zai ɗan huta." Na ce hutu irin wane? Sai ya kama kallon kofi. Ma'ana dai: ko Garkuwa ya mutu a ƙarshen Maris, mugun labarin, Hankaka, ya gaje shafukan, ko mujallar ta rufe labarin gaba ɗaya ta ba wani wurin. Wai in na iya sa yara su so jarumin kafin lokacin, to, za a sake dubawa. Yadda ya furta "za a sake dubawa" ɗin ma ya ishe ni amsa.

Ni na ƙirƙiri Hankaka don a tsane shi. Me ya sami mutane?

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Duk makon da Hankaka ya fito, muna sama a ƙuri'ar. Duk makon da Garkuwa ya ceci mutane shi kaɗai, sai mu gangaro kusa da shafin talla. Mutum ya tare gada da bayansa, motar 'yan makaranta ta wuce lafiya, ya miƙe jina-jina ya ce "ba komai", amma a ce wai yana sa barci.

Abin da Tokunaga bai sani ba, kuma ba zan gaya masa ba: Garkuwa Nobu ne. Mijina. Kafaɗunsa ne, manyan kunnuwansa ne, har "ba komai" ɗin daga bakinsa na ɗauka. Shekarun da ba mai sayen zanena, shi ya riƙe gidan nan da aikinsa na hukumar ruwa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na saka masa da abin da na iya. Yanzu a ce in binne shi a gaban duk ƙasar, shi kuma ya karanta a jirgin ƙasa na safe a kan hanyar ofis.

Ba zan yi ba.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Tawada ta zube a shafi na tara. Na zagi kwalbar, na zagi teburin, na zagi kamfanin da ya yi murfin. Nobu ya kawo tsumma ya goge ya koma kicin.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Waya da Tokunaga. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da gaskiya me suke gani a jikin Hankaka. Mutumin da ya nutsar da unguwa guda don an sa shi jira a layi.

Ya ce, "To ai shi ke nan, Malama. Wa bai taɓa tsayawa a layi ya ji kamar ya nutsar da unguwar ba?" Ya yi dariya shi kaɗai. Wai Hankaka akwai abin da yake so, yana kuma faɗa da bakinsa. Garkuwa kuwa ba ya son komai, jira kawai yake a yi ɓarna ya zo ya gyara. "Ko yunwa ban taɓa ganin ya ji ba."

Na ce nagarta ce wannan. Ya ce, "Haka ne, Malama," da muryar da ake yi wa tsohuwa magana a asibiti. Na kife wayar, na gwada zana Garkuwa yana cin taliya. Ya fito kamar mai tallar taliya.

Talata, 14 ga Fabrairu

Ranar masoya. Kamar kowace shekara 'yan mata sun aika wa mutanen cikin labaran cakulan ta ofishin mujalla. Tokunaga ya turo mini hoto: kwalaye jibge har kan kujerarsa, duk na Hankaka. Da baƙin zaren ado, da fuka-fukin takarda, wata har da safar hannu ta saƙa masa, wai kada sanyi ya kama shi a saman bene. Mutumin takarda, da ba shi da hannun gaske da zai sa!

Na Garkuwa ɗan ƙaramin ƙunshi ne a gefe. Ina zargin matar da ke share ofishin ce ta ji tausayi.

Na manta ban saya wa Nobu nasa ba. Sai da ya dawo na tuna. Ya ce ba komai, ya ɗora shinkafa.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Tokunaga ya kawo kwalayen a tasi, bakinsa har kunne, wai yana da labari. Ranar Talata, wani magidanci da kwat ɗin ofis ya shigo wurin masu karɓar baƙi, ya rusuna, ya miƙa ƙaramin kwali da hannu biyu ya ce na Hankaka ne. Namiji, a ranar da mata ke bayarwa. An tambaye shi ko 'yarsa ce ta aiko shi, ya ce a'a, nasa ne. Bai bar suna ba. 'Yan matan teburin sun riƙe dariya har ya fita.

"Ki ga har dattawa mun kama," in ji Tokunaga. "Wai kunnuwansa manya, ga wani koren gyalen wuya duk ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi."

Ni na saƙa gyalen nan, shekarar da muka yi aure. Ban iya saƙa ba, har yanzu ban iya ba.

Na yi dariya tare da shi don kada ya gane. Da ya tafi na zauna a ƙasa cikin kwalayen. Ina nan ina faɗa da kamfani guda don in ceci mutum, shi kuma ya shiga layin 'yan makaranta ya saya wa abokin gabarsa alawa.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Ban yi masa magana ba. Ya gasa kifi, na ci, ban ce ya yi daɗi ba. Ya yi daɗi.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Rikicin ya fashe da safe, wajen shanya. Yana rataye riguna a baranda na ajiye kwalin a gabansa.

Bai ko musa ba. Kunnuwan suka yi ja, ya ce, "Au, sun ba ki?"

Na ce ka san ko wane ne Garkuwa? Ya ce ya sani tun fitowar farko, ai kunnuwan ba sa ɓuya. Na ce to ka san kashe shi ake so in yi? Ya ce bai sani ba, amma bai yi mamaki ba. "Ni ma tsallake shafukansa nake yi, Chizu."

Ban san me na faɗa bayan nan ba. Da yawa. Na tuna na ce masa butulu. Na ce Hankaka ba kowa ba ne sai tsohon maigidana na ɗakin zane, mai jifan mu da abin goge fensir. Sai Nobu ya ajiye matsen shanya ya dube ni.

"Wane maigida? Ke ce. Yadda yake buga yatsa a tebur kafin ya yi masifa. Yadda yake zagin ƙofa in ta ƙi buɗuwa. Ranar da ya nutsar da unguwa, a makon aka sa ki jira a gidan waya. Ke ce, shi ya sa nake son sa. Shi kaɗai ne mai rai a labarin."

Na ce to jarumin fa, kyautar da na yi maka?

A nan ne ya canza. Ban taɓa gani ba. Wata jijiya ta taso masa a goshi, daga gira har cikin gashi, muryarsa kuma ta yi ƙasa maimakon sama.

"Kyauta? Kin zana mutumin da ba ya jin zafi don kada ki tambaye shi. Da Innata ta faɗi a watan Oktoba, ni kaɗai na tafi garinmu Yamagata, kina da wa'adin miƙa zane. Na ce ba komai. Da aka yi mata aiki, ni kaɗai na zauna a benci. Na ce ba komai. Ta farka tana tambaya ina Chizuru, na yi mata ƙarya wai mura kike yi. Na dawo na buɗe mujalla na ga kaina ina murmushi da gada a baya. Kin taɓa tsayawa kin ce, anya ba komai ɗin?"

Sai ya ɗauki kwandon ya shige, ya bar rigata ɗaya a ƙasa. Da gangan, na tabbata.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Ni ce Hankaka wai. Shirme.

Talata, 21 ga Fabrairu

Na kama kaina ina buga yatsa a tebur. Na zauna a kan hannun.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Hutu ne yau, yana gida, gidan kuma shiru kamar ɗakin jarrabawa. Ya dafa nasa shi kaɗai. Na fita na sayo shinkafar kanti, mai sanyi, na ci a tsaye.

Abin da ke ci mini rai shi ne ai bai faɗa ba. Ta ina zan sani? Mutum ya ce maka ba komai, sai ka tsaga cikinsa ka duba? Ni in abu ya dame ni duk bene ya sani. Laifinsa ne shi ma, kuma zan gaya masa, in ya fara yi mini magana.

Na ɗauko tsoffin fitowar na duba fuskar Garkuwa shafi bayan shafi. Fuska ɗaya ce. Ana dukansa, ana yabonsa, gini na faɗo masa, fuska ɗaya. Hankaka kuwa ko girarsa kaɗai ta fi ta jarumin aiki. Na mayar da su cikin kabad na rufe da ƙafa.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Na zauna in zana mutuwar, tunda abin da kowa ke so ke nan, har da mai kunnuwan. Na shirya komai: rufin tashar jirgi zai rufto, Garkuwa ya tare, mutane su fita, ya ce kalmar tasa, ya tafi.

Na kai wurin da taron ke gudu ba wanda ya waiwaya, sai hannuna ya yi abin da ban sa shi ba. Ya ja layi a goshinsa, daga gira har cikin gashi. Daga nan bakin ya ƙi yin murmushi. Na goge, na sake, ya ƙi. Ƙarshe na bar shi yana riƙe da rufin, yana kallon bayan mutanen da ya ceta, ya ce, "Ko mutum ɗaya ba zai tambaya ko da nauyi ba?"

Hankaka kaɗai ne ya tsaya. Ban san me zai ce ba tukuna. Na bar wurin maganar tasa fari.

Laraba, 1 ga Maris

Tokunaga ya karanta shafukan a tsaye, bai ko cire kwat ba. Ya koma farko ya sake. Shayinsa ya huce.

"Malama, ina kika samo wannan fuskar?"

Na ce aikina ne samo fuska. Ya ce zai kai sama yau, kuma in har suka ce a kashe wannan mutumin to su nemi wani editan. Ji shi, kamar ba shi ya kawo saƙon mutuwar ba. Ya tambayi abin da Hankaka zai faɗa a farin wurin. Na ce ina tunani.

Sai na ce ina son hutun mako guda daga mujalla. Ya kusa shaƙewa, don tun da muka fara ban taɓa tsallake fitowa ba. Ya ce lafiya? Na ce bincike. Ina buƙatar ganin dusar ƙanƙara ta arewa don babi na gaba.

Juma'a, 3 ga Maris

Garkuwa zai rayu, an bugo an faɗa. Na ajiye kwafin shafin kusa da kwanon Nobu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce hancin bai yi ba. Daga baya na ji yana fyace nasa hancin a banɗaki, ya daɗe.

Na ce na sayi tikiti biyu zuwa Yamagata, saboda aiki. Ya ce, "Inna ba ta son cakulan, kada ki kwaso mata na saurayinki Hankaka."

Lahadi, 5 ga Maris

A jirgi. Tun daga tashar Ueno Nobu yake mita. Wai ina barin murfin man goge baki a buɗe. Wai ya tsani gasa kifi, ƙaurin na bin kwat ɗinsa har ofis. Wai gyalen nan yana sa shi ƙaiƙayi tun ranar farko. Shekara da shekaru yana tara su, yanzu ya samu bakin zubarwa, har matar da ke gefenmu ta sa abin toshe kunne. Sau biyu na buɗe baki in rama, na rufe.

Kafin Fukushima ya gaji ya yi barci, baki a buɗe, gyalen dai yana wuyansa. Takardar zane na kan cinyata, ga dusar a taga fari fat, abin da na ce na zo gani. Ban zana ba. Na rubuta layi ɗaya kawai, na farin wurin, abin da Hankaka zai ce: "Matsa, in kama wannan gefen."

Mugu ba ya faɗin haka, Tokunaga zai yi ƙorafi. Ya yi ta yi.