Sun ce ya sake turowa

Laraba da dare, Yakasai

Yau kwana arba'in da uku da rasuwar Babangida. Bayan la'asar abokin aikinsa Nura ya zo da kwamfuta, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Umma, mutanen nan sun ba da amsa."

Aikin nan ne da ya hana Babangida cin tuwo da zafinsa. Akwai akwatin da ke raba intanet tsakanin kwamfutoci. Yana so uwar manhaja, wadda ke tafiyar da kwamfuta, ta riƙa gane akwatin daga bayanin da maƙera suka dasa cikin na'ura. Iyakar abin da na gane ke nan. Sau uku yana tura wa masu dubawa a ƙasar waje, suna dawo masa da shi.

Na ce, "Sun karɓa?"

"A'a. Sun ce ya gyara wuri biyu ya sake turowa. In sun ji shiru, na wani za su ɗauka."

Ya sake turowa daga ina?

Nura ya ce in na yarda zai gyara, ya bar sunan marigayin a kai. Na yarda, amma na ce ya karanta min wasiƙar. Cikin Turancin nan ba abin da na tsinta sai sunansa na yanka, gatsau.

Shekara talatin kunyar ɗan fari ta hana ni faɗin sunan nan, ga waɗanda ba su ma san ya mutu ba suna kiransa. Ɗazu na rufe ƙofa na faɗe shi a hankali. Ba wanda ya amsa.