Hancin Mestre Firmino

Funchal, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Djenabu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ki naɗe katifar da na ce ki shimfiɗa mini. Ba a kore ni ba, alhamdu lillahi. Yau zan faɗa miki laifin da na ɓoye a wasiƙar farko.

Kin san aikina sharar benen da gangunan giya suke kwance ƙarƙashin rufi, rana tana gasa su. Kin kuma san Mestre Firmino, tsohon da ke kula da su, mai hancin nan. To, ranar Talata sheɗan ya zuga ni. Na goge fuskokin ganguna biyu da jiƙaƙƙen tsumma, na zana shi da alli, a ɗaya yana barci, a ɗaya yana masifa. Sai da na gama dariya na gane shekarunsu da aka rubuta a fuskokin na goge. Ɗaya ta shekara talatin ce. Ɗayar kuwa mahaifin Dona Zulmira, tsohuwar da ke da gidan, ya cika ta a shekarar da aka haife ta, yau shekara casa'in. Kofi ɗaya tak ake ɗibar mata duk ranar haihuwarta, ga shi ranar ta zo jiya. Yaya, gangunan nan kamar tagwaye!

Jiya da safe na je na faɗa wa Mestre gaskiya. Ya daɗe yana kallon zanen, ya ce, "Ɗan banza, miƙo kofi biyu." Ya ɗiba daga kowace, ya ɗaga su wajen taga. Ya san ba na sha, sai ya kawo su hancina. Na farko ƙamshin dabino kawai. Na biyu kuwa ƙonannen sukari ne da ɓawon lemo, da wani abu kamar cikin akwatin kakarmu. Ya shinshina na biyun da hancin nan nasa, ya kurɓa. Sannan ya ce in ɗauka mu sauka.

Dona Zulmira ta kurɓa, ta rufe ido. Can ta ce, "Ina kwana, Baba." Da marigayi mahaifinta take, wato gangar ke nan. Wallahi sai da na nemi kujera.

Da muka koma sama Mestre ya rubuta shekarar a kan goshin hotonsa mai barci. Bai goge komai ba. Ya jefo mini allin ya ce, "Hancin da ya cece ka ne ka yi wa wannan rowar? Ƙara masa tsawo."

Na ƙara, Yaya. Sosai ma.

Ki gaida kowa, amma kada Inna ta ji.

Ƙaninki da ya kusa shiryuwa,
Saliu