Wakenki Yana Ƙasa, Ta-Roni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Ta-Roni, damina uku ke nan da kika tafi, ban taɓa kawo miki ƙarar 'ya'yanki ba. Yau na kawo. Masu karantawa su karanta, ni da matata nake magana.

A kan waken suya ne. Wakenki.

Kin tuna shekarar da muka fara noma shi a gonar bayan gari, mutanen Gwiwa suna mana dariya wai mun shuka abincin kaji? Da kaka ta yi, rana ta buga shi, kwanso ya dinga fashewa, rabin waken ya zube ƙasa. Ni na yi fushi na tafi majalisa. Ke kika yayyaga tsohon zanenki, kika bi kunya-kunya kina ɗaura tsumma a duk tushen da bai fashe ba. Kika ce, "Wanda ya riƙe 'ya'yansa, shi ne iri." Kowace shekara haka, har muka samu waken da yake jiran mai gona. Gonar da ciyawar wuta-wuta ta cinye ta dawo tana ba da gero, matan Roni suna aiko da kwano a sammusu irin Ta-Roni saboda awararsa.

To babban ɗanki ya je Kazaure ya dawo da malamin gona, da wani iri a cikin leda. Wai ingantacce. Wai yana nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ga gonar Malam Idi maƙwabcinmu bara, buhunansa sun fi namu nesa. Na gani da idona, na kuma yi masa barka. Ban hana kowa shuka nasa ba. Amma masu saye sun ce ba sa son gauraye, iri ɗaya suke so daga gida ɗaya. Shi ne ɗanki ya ce a bar naki kwata-kwata. Wai, "Baba, ka huta, wannan ya tsufa." Na ce ni ma na tsufa, sai a zuba mu a buhu ɗaya a kai kasuwa.

Ban yi boko ba, amma shi ma malamin gonar bai musa mini wannan ba: waken suya ba gero ba ne da zai shekara biyu a rumbu ya tsira. Ka tsallake damina ɗaya, ya mutu a cikin randa, ba ka sani ba. Da suka dawo suka ce to a bari bana kawai, sun san abin da suke nufi.

Ran Juma'a na dawo daga masallaci, aka ajiye mini awara da yaji. Cizo ɗaya na gane. Na shiga ɗakinki na buɗe randar iri, tokar da muka rufe shi da ita a watse, an kwashe fiye da rabi. Surukarki ta durƙusa tana ba da haƙuri, wai maigidanta ne ya ce ba za a shuka ba, kada ya lalace a banza. Ban ga laifinta ba. Amma awarar nan ban ƙara tsinke ɗaya ba, kuma har yau ban amsa gaisuwar ɗanki ba. Na san za ki ce in sassauta. Ba yanzu ba.

Jiya aka yi ruwan shuka. Da hantsi na juye abin da ya rage a randa cikin hular kaina, na ɗauki sungumi. Ba wanda ya bi ni, ban kuma kira kowa ba. Kunyoyin gefen tsamiya na zaɓa, inda kike zama ki sha fura. Na sara, na zuba, na taka da diddige, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sau da yawa na zauna. Amma kafin azahar hular ba ko ƙwaya. Na kafa turaku na kewaye wurin, na kuma aika wa ɗanki cewa sauran gonar tasa ce, ya zuba abin da ya ga dama. Wannan gefen kuwa, duk wanda ya sa masa garma sai dai ya fara bi ta kaina. Ni zan cire, ni zan casa a tabarmata, ba zai taɓa buhunsu ba.

Idona ya rage gani, Ta-Roni. Ke ce kike nuna mini tushen da bai fashe ba, ni ina biye da ke ina mita. Bana sai dai in bi da hannu ina lalube. Ɗaki ya yi mini faɗi, gona ma haka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mana baki ɗaya. Ya shirya ɗanki, Ya ba shi buhunan da yake nema. Ni kuma Ya ara mini rai zuwa kaka. Ko waken ya tsira ko bai tsira ba, idan na iso ba za ki ji an ce a hannuna ya mutu a randa ba.

Ni ne mijinki,
Sale, Gwiwa.