Kwalbatin Hanyar Ngurore

Damilu, Jimeta

Abokina Manasseh,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jiki, yaya uwargida Keturah da ciwon idonta? Yau Asabar, na tashi da kumburin ƙafa, tarin kuwa ya ɗan lafa.

Ka san jikata Edna, wadda nake tsokana da amaryata, tana shekarar ƙarshe a karatun injiniya. Don aikin kammalawa ta zaɓi kwalbatin nan da na zana da hannuna a hanyar Ngurore, zamanin muna ma'aikatar ayyuka. Kowace Asabar takan zo da kwamfutarta, ta yi ta tambayata kauri da faɗi. Ta nuna mini yadda take yanyanka shi a cikin kwamfutar ƙanana-ƙanana kamar ragar kamun kifi, don a auna nauyin da zai iya ɗauka.

Sai aiki ya cije. Manhajar lissafin tana son gutsattsarin cikin kankaren kaɗai, manhajar yankan kuwa tana fitar da su haɗe da na fatar kwalbatin da gefunansa. Ta tambaye ni. Manasseh, ni da na yi zamani da fensir da rula! Na ce ta goge na fatar da na gefunan ɗaya-ɗaya. Ta yi kwanaki tana gogewa, aikin ya lalace.

Sai ta tafi wurin Absalom, kakanta na wajen uwa, wanda ko magudanar gidansa bai taɓa zanawa ba, amma ya koyar a kwaleji. Wai ya ce ta tara na cikin a rukuni guda ta sa musu suna. Abin da aka sa wa suna shi manhajar yankan ke fitarwa, sauran ta watsar. Shi ke nan fa! A bakin coci ya tare ni yana dariya, wai ya ƙwace mini amarya ba sadaki. Na yi dariya don idon mutane, amma ranar tuwo bai wuce mini ba.

Kwalbatin nawa ne. Damina nawa ya sha bai tsage ba? Amma Asabar ɗina duk sun koma gidan Absalom.

Ta yi alkawarin zuwa yau. Na sa an sayo ƙosai, na fito da asalin zanen in ba ta kyauta, abin da Absalom ba shi da shi.

Ka gaishe mini da Keturah.

Naka tun na makaranta,
Albert

Ƙari: Rana ta faɗi, ƙosan ya huce. Zanen na nan a shimfiɗe kan tebur, na kasa naɗe shi. Ba ta zo ba.